Tsakanin Wanke Hannu da Gutsurar Gurasa

A Hara Babba, unguwarmu ta Yahudawan tsibirin Jarba, in ka ce kana neman Gazala sai an tambaye ka wacce, don sunan ya yi mana yawa. Amma in ka ce Gazala mai sabulu, ba wanda zai ɓata bakinsa da kwatance, cewa za a yi ka bi hancinka. Daga tanderun unguwa ka karya hagu, inda warin dafaffen man zaitun ya tare ka, nan ne gidan. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta sun yi kaushi sun tsattsage saboda ruwan toka, kuma ba ta taɓa ɓoye su a mayafi ba. In ka miƙa mata hannu, kafin ta amsa gaisuwarka sai ta juya shi ta leƙa ƙarƙashin farce. Ta yi wa surukanta haka, ta yi wa ɗan sandan da ke gadin bakin unguwa.

Ba ta san mahaifiyarta ba. An haife ta a shekarun babban yaƙin Turawa, lokacin da zazzaɓin ƙwarƙwata ya shigo yana ɗibar mutane gida-gida, bai tambayi wane ne mai zuwa masallaci wane ne mai zuwa majami'armu ta Yahudawa ba. Uwar ta rasu tana cikin jego. Kakarta, Maiha, ta naɗe jaririyar a zane ta fita da ita bayan unguwa, gidan wani Musulmi manomin zaitun da matarsa ta haihu a watan. Ta tsaya a ƙofa da ita a hannu. Matar ta dubi abin da ke motsi a cikin zanen, ta miƙo hannu biyu. Haka Gazala ta sha nono ɗaya da 'yar gidan, Mabruka, kuma har suka yi furfura ba wadda ke kiran ɗaya da suna, sai dai "'yar'uwata".

A wannan yaƙin sabulu ya yi ɓatan dabo. Maiha kuwa ta lura da abu ɗaya a cikin baƙin cikinta: gidajen da aka tafasa tufafi aka cuɗa jiki sun fi ragowar mutane. Sai ta roƙi manomin nan dagwalon man da ke kwantawa a gindin tulu, ta tace toka, ta ɗora tukunya. Sabulun farko ya ƙi daskarewa. Ya tsaya tsululu kamar kunu, ta zauna a gabansa ta sha kuka, sannan ta share hawaye ta juye shi a tulu, da shi aka yi wa Gazala wankan farko na kirki. Daga baya hannunta ya faɗa, sabulu ya riƙa fitowa kore shar, a yanka shi da zare, a jera a inuwa ya sha iska.

Maiha ba ta san dalilin da ya sa abin ke aiki ba, kuma ba ta taɓa yin ƙaryar ta sani ba. In Gazala tana yarinya ta dame ta da tambaya, sai ta ce, "Ke dai cuɗa. Uwarki ba ta taɓa kai gurasa baki ba ta zuba wa hannunta ruwa ba, ga ta can kwance bayan gari. Ruwan nan haƙƙin Allah ne, ki ba shi abinsa. Sabulu kuma haƙƙin jikinki ne."

Da wannan maganar Gazala ta girma, da ita ta gaji tukunyar. Matan Hara sabulunta suke so don wanke tukwane, saboda sun tabbata ba kitsen wata dabbar da ba a san wanda ya yanka ba a cikinsa. Mai kuwa daga gonar su Mabruka yake zuwa duk bayan kakar zaitun, da can a bayan jaki, daga baya a bayan babur ɗin jikanta. Ba za a ce ta yi arziki ba, amma yaranta ba su kwana da yunwa ba, kuma ba wanda ya taɓa ganin su da ƙazuwa.

Sai batun mijinta, Bishi maƙerin azurfa. Allah ya yi mutumin kirki a nan, ba mai musun wannan. Bai taɓa cuɗa wa amarya dalma a awarwaro ba, bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba. Amma gardama! In ka ce masa rana ta fito, sai ya ce ai tun ɗazu ta fito, yanzu ne ka gani. Ya yi karatun littattafanmu daidai gwargwado, kuma duk abin da ya karanta yana nan a kan harshensa yana jiran wanda tsautsayi zai kawo. Shekarun da ya yi yana sunkuye kan gawayi da ruwan wanke azurfa sun cinye masa huhu, tsani ma sai ya huta a tsakiya yake ƙarasa hawa, amma numfashin musu bai taɓa yanke masa ba. Gazala ta yi shekarar farko ta aure ba ta kai ƙarshen jimla ɗaya ba.

A shekara ta biyu ta gano ƙofar shigarta. A wurinmu, in mutum ya ɗauki moɗa mai mariƙi biyu ya zuba ruwa a dama ya zuba a hagu, ya yi addu'ar wanke hannu, to bakinsa ya kulle ke nan har sai ya sa wa gurasa albarka ya gutsura ya haɗiye. Ranar Juma'a da yamma kuwa, in Asabar, ranar hutunmu, ta shigo da faɗuwar rana, maigida ba ya gutsura sai kowa ya wanke ya zauna. Bishi, da son a ga ya riga kowa, kullum shi ne na farko a wurin moɗa. Sai Gazala ta riƙa jinkirta nata wankin. Ta bari ya zauna, hannuwansa a kan mayafin da ya rufe gurasa, ta tsaya a kansa da tawul a kafaɗa, ta faɗi duk abin da ta tara tun Lahadi. Rufin ɗaki na yoyo. Ƙanwarsa ta yi mata magana marar daɗi. Faraji, ɗansu na fari, yana son 'yar gidan Mazuz, kuma za a je tambaya ko yana so ko ba ya so. Bishi ba shi da abin yi sai "Mm! Mm-mm!" yana zare ido yana nuna mata moɗa da haɓa. In ta gama tsaf, ta je ta wanke nata a natse, ta zauna kamar ba ita ba. Kafin ya haɗiye lomarsa, rabin amsar da ya shirya ta tsere masa, sauran rabin kuma ƙamshin kuskus da kifi ya tafi da shi.

Duk manyan al'amuran gidan a cikin wannan ɗan shirun aka yanke su. Yara sun taso sun san haka, jikoki ma sun sani, har sukan kai wa kakarsu ƙara tun ranar Alhamis don ta sa a cikin na Juma'a. Bishi ya sha alwashin zai riƙa zama na ƙarshe a wurin moɗa, amma da lokacin ya zo sai ka gan shi ya riga ya naɗe hannun riga.

Suna cikin tsufansu wannan annobar ta mashaƙo ta zagaye duniya ta iso tsibirin. Aka rufe majami'u da masallatai, aka ce kowa ya zauna gida. Jikarsu Odeliya, 'yar Faraji, wadda ke aiki a wani kantin magani a cikin gari, ita ta zo da maganar da ta hana Gazala sukuni. Ta ja ta gefen murhu ta ce, "Kaka, ciwon nan huhu yake nema. In ya kama irin su Kaka Bishi, ba a cika dawowa da su ba." Gazala ta ci gaba da juya miya. Ta binne uwa ba ta san fuskarta ba, ta binne Maiha, ta binne ƙawaye. Wannan tsohon mai gardama shi ne ba ta shirya bayarwa ba.

Shi kuwa gogan ko a jikinsa. Kowace ƙofa ya ratsa sai ya taɓa ɗan kwanson addu'a da ke manne a jikin dokin ƙofar, ya sumbaci yatsunsa, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Ƙofar gidansu, ƙofar shago, ƙofar maƙwabcin da ya leƙa ya gaishe shi ta taga, kwanson da hannu nawa ya taɓa tun safe. In ya dawo sai ya ɗauki moɗa ya zuba ruwa, ya yarfe, shi ke nan ya yi tsarki. In Gazala ta miƙo sabulu, sai ya ɗaga yatsa.

"Sarauniyar kumfa, ki raba ni da hajarki. Kin san tarihi kuwa? Lokacin baƙar annoba a ƙasashen Turawa, mutane na zubewa kamar ƙudaje, su wa suka tsira? Kakanninmu. Da me? Da wannan moɗar. Har abin ya ba maƙwabtansu haushi, suka ce mu muka zuba guba a rijiyoyi, suka ƙone unguwanni da mutane a ciki. Ruwa kawai, Gazala, ruwa da addu'a. Ba a ambaci sabulun kakarki a littafi ko ɗaya ba."

"To Baban Faraji, uwata fa? Ita ba ta da moɗa ne?"

"Wannan kwana ne ya ƙare."

"Naka ma so kake ya ƙare?"

"Ai ba a hannunki yake ba," in ji shi, ya shige ɗaki yana tari.

Ranar Juma'a Gazala ta ce wa Odeliya ta zo cin abinci, ta zauna can bakin ƙofar tsakar gida inda iska ke wucewa, kuma kada ta kuskura ta taɓa moɗa sai an ce mata. Aka sha ruwan inabin albarka. Bishi ya miƙe da sauri kamar kullum, ya zuba, ya yi addu'a, ya zauna. Gazala ta saɓa tawul ta ce, "Yau ba ni ce mai magana ba. 'Yar nan, bismillah, ga shi nan na ɗaure miki shi."

Bishi ya ce, "Mmm!"

Odeliya ta gyara takunkumin fuskarta, dariya na cin ta. "Kaka, ka yi haƙuri, yau dai sai ka ji ni har ƙarshe. Ƙonewar unguwannin gaskiya ce, ƙaryar gubar rijiya ma an yi ta, Allah ya isar musu. Amma cewa namu ba su mutu ba, wannan masu bin diddigin tarihi ba su tabbatar ba. Sun mutu, Kaka, an cika maƙabartu da su kamar na kowa. Annobar can ma ƙuma ce ta ɓeraye ke yaɗa ta, ina ruwan ƙuma da moɗarka?"

"Mm-mm-mm!" Ya buga tafin hannu a tebur, gurasa ta yi tsalle a ƙarƙashin mayafi.

"Wannan ta yanzu kuwa, ƙwayar cutar ƙanƙanuwa ce ido ba ya gani, kuma riga gare ta ta maiƙo. Da rigar nan take rayuwa, a jikinta ƙayoyin da take maƙale mutum da su suke. Ka zuba mata ruwa zalla, wani ya tafi, wani ya lafe a maiƙon hannunka yana jiran ka kai baki. Shi sabulu kowane ɗigonsa baki biyu gare shi, ɗaya na son mai, ɗaya na son ruwa. Mai son man ya cusa kai cikin rigar, mai son ruwan ya ja waje, sai rigar ta yage, abin ya wargaje, ruwa ya tafi da tarkacen. Amma sai an cuɗa an ba shi lokaci, har tsakanin yatsu da bayan hannu."

Ba Bishi ne maganar ta fi shiga ba. Gazala ce ta nemi kujera ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba kafin ta wanke hannu. Ta dubi tafukanta. Ta san wannan aikin, kullum tana ganinsa a tukunyar kifi: ka zuba ruwa ya zame ya bar maiƙo, ka sa sabulu maiƙon ya saki. Ashe abin da Maiha ta mutu ba ta sani ba yana nan a gindin tukunya tun fil azal. Ta ce a hankali, "Wato shekara da shekaru riguna nake yagawa ban sani ba." Sai ta ji wani daɗi ya cika mata ƙirji har da ƙwalla, ta gode wa Allah da ya bar ta da rai ta ji amsar tambayar da ta yi tun tana 'yar mitsitsiya, kuma daga bakin jininta.

Da Bishi ya samu ya haɗiye gurasarsa, ya ce likitocin zamani ba su da kunya, jika ta ɗaure kakanta da igiyar addini ta yi masa wa'azi. Amma ranar Lahadi Gazala ta ji motsi a bakin famfo, ta leƙa ta taga ta gan shi yana cuɗa hannu da koren sabulu, yana waige kada a gan shi. Ta janye kanta ta koma aikinta. Daga baya ma shi ya riƙa gaya wa maƙwabta cewa ai dama doka ta ce hannu ya zama ba datti kafin a zuba ruwan moɗa, don haka sabulu kafin moɗa ra'ayinsa ne tun da daɗewa.

Ta ɗauka an gama. Ashe da sauran Asabar.

Ranar Asabar da safe ya dawo daga zagayen gaishe-gaishensa na taga-taga, ya sumbaci yatsu a ƙofa, ya wuce sabulu ya nufi moɗa. Gazala ta tare shi.

"Yau fa?"

"Yau Asabar. Ba a goga sabulu."

"In ji wa?"

"In ji ubana da uban ubana. In ka goga shi ka sulɓe masa fuska, ka sauya masa siffa, ka mai da daskararre kumfa. Aiki ne. Ni Bishi ban taɓa kunna ashana ran Asabar ba, ba zan fara sassaƙa sabulu da tsufana ba."

"Ai kai ka ce min in rai na cikin haɗari ana ajiye Asabar."

"Ga ni tsaye a gabanki da ƙafafuna, wane haɗari? In na faɗi, ki ajiye ta."

Nan kam ta san ba gardamar banza yake ba. Tsoron Allah ne, irin wanda ta aure shi dominsa, kuma ko ta tsare shi a shirun gurasa har kuskus ya huce ba zai motsa ba. Ita kanta ba ta taɓa goga sabulu ran Asabar ba, Maiha ma haka. Ta wuni tana kallon hannunsa yana zuwa baki, yana zuwa ido, yana shafa gemu. Ƙwayar cuta dai ba ta san ranar hutu ba.

Cikin makon tana yanka sabuwar dahuwa da zare, gefe ɗaya ya ƙi kamawa ya malalo mata a yatsu. Ta buɗe baki za ta yi tsaki, sai ta tsaya. Tukunyar Maiha ta farko ta faɗo mata, wadda ta tsaya kamar kunu, wadda tsohuwar ta yi wa kuka. Ta goge hannu, ta yafa mayafi, ta tafi ƙofar malamin majami'a ta tsaya nesa da tagarsa ta ɗaga murya.

"Malam, tambaya gare ni. In sabulu ya riga ya zama ruwa tun kafin rana ta faɗi ran Juma'a, wanda ya zuba shi a hannu ran Asabar ya yi aiki?"

Malamin ya ce in ya tsinke sosai yana zuba kamar ruwa, ba abin da aka sulɓe, ba abin da aka sauya wa siffa, ya halatta. Ya ƙara da cewa ta gaya wa Bishi a irin wannan lokaci ko daskararren ma ba laifi. Gazala ta ce, "Wannan kai za ka gaya masa, Malam, ni ina da aiki a gida."

Ran Juma'a da hantsi ta ɗauko magogi ta goge sabulu ya yi gari, ta zuba ruwan zafi ta dama, ta tace a tsohuwar kwalba ta ajiye kusa da moɗa. Bishi ya ɗaga kwalbar ya karkata ta, ya duba yadda take zuba, ya nemi inda zai kama bai samu ba. Ya ce, "Ya yi kauri kaɗan." Ta ƙara ruwa. Ya ce, "To." A tsawon aurensu wannan ce gajeriyar amsar da ta taɓa samu daga bakinsa yana da ikon magana. Kafin wata ya zagayo, duk ran Juma'a sai ka ji ƙarar magogi a gidajen Hara, Gazala kuwa ta riƙa cika kwalabe tana ajiyewa a ƙofar tsofaffin da ba su da mai goga musu, har da gidan Mabruka, ko da yake su ba ruwansu da Asabar.

Ga abin da ba wanda ya lissafa: duk tsaron Bishi ake yi, sai ciwon ya zo ya ɗauki Gazala. Ko a layin tanderu ta shaƙe shi, ko a wata ƙofa, ba a sani ba. Dama Odeliya ta sha faɗa mata sabulu na hannu ne, ba ya tare abin da ke yawo a numfashi. Da zazzaɓi ya fara, kafin ma a gwada ta, ta kulle kanta a ɗakin shanya sabulu ta yi wa mijinta magana ta bayan ƙyaure.

"Baban Faraji, in ka taɓa ƙofar nan ban yafe ba. Duk abin da na taɓa a gidan nan ka wanke shi, ka wanke hannunka."

"Ke Gazala, buɗe in ga idonki kawai."

"Ka san idona. Je ka wanke."

Da numfashi ya fara gagarar ta aka zo da mota aka kai ta asibiti. Ta daɗe a can. Ba ta tuna yawancin kwanakin, sai ƙarar na'ura, da fuskokin da ba ta ganin komai nasu sai ido, da wata ma'aikaciya da ke riƙe mata hannu tana ce mata "Mama". Duk sanda hankalinta ya dawo tambaya ɗaya take yi, ko tsohon ya fara tari. Odeliya ta aiko a gaya mata an gwada shi, an sake gwadawa, babu komai. Mabruka ce ke aiko masa da ɗanyen kifi da kayan miya a ajiye a ƙofa, ta kuma sa an yi wa 'yar'uwarta addu'a a gidansu. Ko sabulu ne ya tsare shi, ko ƙyauren da ta rufe da wuri, ko rahamar Ubangiji ce ta bi ta kansu duka, ba mai iya rantsewa. Gazala dai ba ta tsaya tantancewa ba, dukansu ta gode wa.

Ranar wata Juma'a da la'asar aka dawo da ita. Ta rame, muryar nan da ake ji daga tanderu ta koma kamar ta mai raɗa, taku kaɗan sai ta dafa bango. Aka zaunar da ita a tebur. Aka kunna fitilun Asabar, aka sha ruwan inabi. Bishi ya tashi ya zuba sabulun kwalba ya cuɗa har tsakanin yatsu, ya ɗauraye, ya ɗauki moɗa ya zuba, ya yi addu'a ya zauna. Odeliya ta kawo wa kakarta kwano da moɗa har gabanta don kada ta tashi. Gazala ta miƙa hannu, don ba ta da numfashin faɗa, kuma ba ta ga abin faɗan ba. So take kawai ta wanke ta ci gurasa a gidanta.

Sai Bishi ya miƙo hannu ya rufe bakin moɗar.

"Mm-mm," in ji shi. Ya girgiza kai. Ya ɗauko tawul ya ɗora mata a kafaɗa, ya koma ya dafa mayafin gurasa, ya zuba mata ido yana jira.

Odeliya ta sunkuyo ta raɗa mata cewa duk Juma'ar da ba ta nan haka yake yi, ya wanke hannu ya zauna shiru shi kaɗai yana kallon inda take tsayawa, har abinci ya huce.

Gazala ta dubi hannun da ke kan mayafin. Gaɓoɓin yatsun duk sun kuje, wasu sun yi ɓawo, wasu sababbi ne na ranar. Ta juya ta hango magogi a kife bakin famfo, da sauran koren gari a haƙoransa. Maƙerin da ke zana fure a zoben da bai kai farce ba, ya kasa goga sabulu bai haɗa da yatsunsa ba. Abubuwa da yawa suka taso mata, godiya ce a gaba, ga Allah, ga Maiha, ga matar da ta miƙo hannu biyu a ƙofar gona, ga wannan tsohon da aka bar mata. Numfashinta ba zai ɗauki ko ɗaya ba. Ta tattara ɗan abin da take da shi.

"Baban Faraji," ta ce, "wannan magogin na cuku ne. Na sabulu yana rataye bayan ƙofa."

"Mm," in ji Bishi, yana gyaɗa kai, hawaye na bin gemunsa.

"Kuma ya yi kauri. Ka ƙara ruwa."

"Mm."

Bai janye hannunsa daga kan mayafin ba, bai nuna mata moɗa da haɓa ba. Gurasa na nan a rufe, kuskus na hucewa, shi kuwa yana zaune yana jiran ta huta ta ci gaba.